Zane a Ƙasa, Zane a Takarda: Tarihin Bishiya, Da'ira da Jadawali a Karatunmu

 

'Yan'uwa, abin da ya jawo wannan rubutu ƙarami ne. Wani matashi cikin malaman islamiyyarmu ya je taron ƙara wa juna sani na malaman makarantu, ya dawo mana da farar takarda babba, ya shimfiɗa ta a zaure bayan sallar La'asar. A tsakiya ya rubuta "alwala", ya kewaye kalmar, sannan ya fitar da rassa masu launi iri-iri: reshen farillai, reshen sunnoni, reshen mustahabbai, reshen abubuwan da ke warware ta. Ya ce da Faransanci ana kiran wannan "kart mantal", wato taswirar tunani, kuma wai sabuwar dabara ce da Turawa suka gano don ɗalibi ya riƙe karatu. Muka yaba masa, don aikin ya yi kyau, yara kuma sun fahimta. Sai wani dattijo da ke zaune a gefe ya leƙa ya yi dariya ya ce, "Malam, ai wannan shi ne abin da ake zana mana a ƙasa da tsinke, sai dai namu ba shi da launi." Maganar dattijon nan ce ta sa muka ga ya kamata mu bi sawun abin, don ɗalibanmu su san inda ya fito, su san irin zanen da ya dace da kowace irin mas'ala.

Mu fara ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Sunan nan na taswirar tunani wani Baturen Ingila ne, Tony Buzan, ya yayata shi, tun daga shirin da ya yi a talabijin na BBC a 1974. Ƙa'idarsa ita ce a sa kalma ɗaya ko hoto a tsakiya, rassa su fita ta ko'ina, kowane reshe da launinsa da kalmarsa guda. Kafin wannan da kaɗan, a 1972, Joseph Novak na jami'ar Cornell a Amurka ya fito da wani iri, wanda ake haɗa ma'anoni da kibiyoyi a kuma rubuta alaƙar da ke tsakaninsu a kan kibiyar. Akwai na Ishikawa ɗan Japan mai kama da ƙashin kifi, don neman dalilan da suka haifar da matsala, da kuma da'irori masu shiga juna na John Venn, tun 1880. Waɗannan su ne ake koyarwa a tarurruka. To, amma koyarwa da zane ta girme su duka nesa ba kusa ba.

Imamul Bukhari ya ruwaito a Kitabur Riƙaƙ daga Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah (SAW) ya zana gida mai kusurwa huɗu, ya ja layi daga cikinsa har ya ɓulle waje, sannan ya yi ƙananan layuka a gefen layin nan na tsakiya. Ya yi musu bayani: mutum ne a ciki, gidan da ya kewaye shi ajalinsa ne, layin da ya zarce waje burinsa ne, ƙananan layukan kuwa cututtuka ne da musibu da ke kai masa hari bi da bi. A wata ruwayar da ke cikin Musnadin Imamu Ahmad, ya ja miƙaƙƙen layi guda ya ce tafarkin Allah ke nan, ya ja wasu dama da hagu ya ce hanyoyin ɓata ne, sannan ya karanta aya ta 153 ta Suratul An'am. Abin lura a nan, masu sharhi ba su tsaya ga lafazi ba. Ibn Hajar a Fat'hul Bari sai da ya kawo siffar zanen farko fiye da ɗaya, saboda malamai sun saɓa a kan yadda aka jera ƙananan layukan. Kun ga, zanen ma ya zama abin riwaya, ana nemansa kamar yadda ake neman kalma.

Daga layi sai bishiya, kuma ita ce ta fi kusa da abin da matashin malaminmu ya kawo. Larabawa suna ce mata shajara, aikin yin ta kuma tashjir. Masana nasaba suna da hanya biyu ta rubuta dangantaka: mabsuɗ, wato a shimfiɗa ta cikin jimloli, da mushajjar, wato a zana ta da gindi da rassa. Ibn Khaldun ya yi amfani da ta biyun a Kitabul Ibar, inda yake zana bishiyar ƙabilu da gidajen sarauta bayan ya ba da labarinsu. Tun a ƙarni na 10 na Miladiyya ma wani malami da ake kira Ibn Farighun ya rubuta littafi sukutum, Jawami'ul Ulum, ya rarraba fannonin ilimi cikin rassa maimakon jimloli. Da za a ɗauko shafi ɗaya daga cikinsa a ajiye kusa da takardar malaminmu, sai a ce uwa ɗaya uba ɗaya.

Me bishiya ke nunawa wanda jerin sunaye ba ya nunawa? Ga misali daga ƙasarmu ta Fombina. Modibbo Adama ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya zauna Yola a 1841, ya rasu a 1847. Bayansa aka yi Lawal, sai Sanda a 1872, sai Zubairu a 1890, sai Bobbo Ahmadu a 1901. Yaron da aka ba shi wannan jeri ya haddace zai ɗauka kowanne ɗan na gabansa ne, uba ya ba ɗa, ɗa ya ba jika. Alhali duk huɗun 'ya'yan Modibbo Adama ne. Da an zana, nan take ido zai ga gindi ɗaya da rassa huɗu a jere, kuma nan take tambaya za ta taso: yaya aka yi sarauta ta shekara sittin da wani abu tana yawo tsakanin 'yan'uwa kafin ta sauka ga jikoki? Tambayar tarihi ke nan, zanen ne ya haife ta. Marigayi Eldridge Mohammadou, wanda aka haifa a nan Garwa a 1934 ya rasu a Maiduguri a 2004, ya ƙare rayuwarsa yana bin fadojin lamiɓe yana tattara irin wannan dangantaka daga bakin dattawa. Littafin tarihin Garwa da suka yi tare da Modibbo Ahmadu Bassoro yana cikin abin da ya bar mana.

Sai dai mu faɗi gaskiya, ba zanen da ya fi bishiyar nasaba saurin ɗaukar ƙarya. Layi ɗaya za a ja da tawada a haɗa kakan wani da wani babban gida na Gabas, bayan shekara hamsin takardar ta tsufa ta yi ja, jikoki su rantse a kanta. Magana idan ba ta da tushe mai sauraro yakan ji rauninta a muryar mai faɗa. Layi kuwa ba ya in'ina. Shi ya sa masana hadisi ba su taɓa yarda da haɗa suna da suna ba sai sun tambaya: shin wannan ya riski wancan, ya ji daga gare shi?

Da yake mun ambaci hadisi, ɗaliban Arba'una su gwada zana isnadin hadisin farko, na niyya. Sayyidina Umar ne ya ruwaito shi, daga gare shi Alƙama ɗan Waƙƙas, daga shi Muhammad ɗan Ibrahim at-Taimi, daga shi Yahaya ɗan Sa'id al-Ansari, mutum ɗaya ɗaya har hawa huɗu, sannan daga Yahaya sai jama'a masu yawa suka ɗauka. Wanda ya zana zai ga giginya ce ta fito: doguwar gangar jiki ba reshe, sai can sama ganye ya bazu. Daga ranar ba zai ƙara mantawa da abin da malamai ke nufi ba in sun ce hadisin garibi ne a farkonsa mashahuri a ƙarshensa.

Akwai wata bishiyar da ba ta mutane ba, ta ma'anoni. Ita ta shigo mana ta ƙofar manɗiƙ. Farfuriyus, mutumin Sur na ƙarni na 3, ya rubuta gabatarwa ga littattafan Arisɗo mai suna Isaguji, masu sharhi daga baya suka mai da rabe-rabenta zane: jauhari ya kasu zuwa mai jiki da marar jiki, mai jiki ya kasu zuwa mai girma da daskararre, mai girma zuwa dabba da tsiro, dabba zuwa mai hankali da marar hankali, a haka har a iso ga mutum. Musulmi suka fassara, suka tace, Al-Abhari ya yi nasa Isagujin. Wani abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba: Shehu Abdurrahman al-Akhdari na ƙasar Aljeriya, mai Ahalarin da kowa ya fara karatun fiƙihu da shi, shi ne mai Sullamul Munauraƙ a manɗiƙ, wanda ya tsara a shekara ta 941 bayan Hijira. Kuma shi ne mai Durratul Baida'u a lissafi da rabon gado. Mu dai mun tsaya a kan littafinsa na tsarki da salla, muka bar sauran.

A nan ne bishiyar malamanmu ta fi taswirar Buzan tsanani. Ta Buzan tana karɓar duk abin da ya faɗo a zuciya, shi ya sa take da daɗi wajen tattara tunani kafin a rubuta huɗuba ko a shirya darasi. Malaman manɗiƙ kuwa sun gindaya sharaɗi: rabo ya tattare duk abin da ke ƙarƙashinsa kada wani ya zube, kuma kada abu ɗaya ya shiga reshe biyu. Ku dubi Ajurrumiyya ta Ibn Ajurrum, mutumin Fas da ya rasu a 723 bayan Hijira. Magana kashi uku: suna, aiki, harafi. I'irabi huɗu. Rafa'i alamominsa huɗu, nasabu biyar, hafdu uku, jazamu biyu, sha huɗu ke nan, ba ƙari ba ragi. Littafin nan bishiya ce da aka kwantar cikin jimloli don a iya haddace ta. Mun sha ganin ɗalibi ya zubo Ajurrumiyya tun daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, a tambaye shi a wurare nawa ne "ya'u" take zama alama, ya yi shiru yana kallon rufi. Haddar tana nan, siffar ce babu. Laifin kuma namu ne malamai, don malamanmu sun zana mana, mu muka yi ƙyuiya.

Da'ira labarinta daban ne, kuma mu kam ita ta fi burge mu. Khalil ɗan Ahmad al-Farahidi, malamin Sibawaihi a Basra a ƙarni na 2 na Hijira, ya saurari waƙoƙin Larabawa ya tarar karinsu yana komawa ga bahari goma sha biyar, Akhfash ya ƙara na sha shida daga baya. Maimakon ya jera su, sai ya zuba su cikin da'irori biyar. Ga yadda abin yake. A rubuta "mafa'ilun" sau uku a kewayen da'ira. Kalmar gaɓa uku ce: mafa, i, lun. Wanda ya fara karantawa daga "mafa" ya sami baharin hazaj. Wanda ya matsa ya fara daga "i" zai ji i-lun-mafa, daidai da "mustaf'ilun", ya faɗa rajaz ke nan, baharin Alfiyya da Ibn Ashir da Rahbiyya. Wanda ya ƙara matsawa ya fara daga "lun" zai ji lun-mafa-i, wato "fa'ilatun", ramal ke nan. Bahari uku, zobe ɗaya, bambancin kawai ƙofar da aka shiga. Haka wafir da kamil suke a da'ira guda, haka ɗawil na Ishiriniya da basiɗ na Burda suke zaune gida ɗaya tare da madid. Jerin sunaye ba zai taɓa nuna wannan ba, bishiya ma ba za ta iya ba, don a nan ba uba ba ɗa, kowa yana iya zama farko.

Da'irar ta yi wani aikin kuma. Akwai ƙofofin da in an shiga ta nan sai a sami kari mai tsari wanda Larabawan farko ba su yi waƙa da shi ba, malamai suka kira su muhmal. Wato zanen ya nuna har gurbin abin da babu. Amma ta yi ƙari a wani wurin: a da'ira hazaj ƙafa shida ne, a bakin mawaƙa kuwa huɗu ake samu. Zane yakan fi duniya tsafta, mai karatu ya riƙe wannan. Ilimin nan ya iso ƙasashenmu, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi wallafa a kan aruli da ƙafiya, kuma waƙoƙin wa'azi na Fulatanci da Hausa da muka tashi muna ji a bakin iyayenmu a kan waɗannan ma'aunai aka gina da yawansu.

Yanzu mu zo ga wanda rashinsa ke sa hawaye a gidajenmu, wato jadawali. Likitoci da masana ƙasa sun yi amfani da shi tun da daɗewa, kamar Ibn Buɗlan na Bagadaza a Taƙwimus Sihha da Abul Fida a Taƙwimul Buldan. Amma inda ya fi shafar mu shi ne rabon gado. Mas'alar mamaci ɗaya mai ilimi yana iya yin ta da ka. Ko shahararriyar nan ta Mimbariyya, mata da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba, wadda asalinta 24 ne ta hau zuwa 27 har tumunin matar ya koma ɗaya bisa tara, ana ba da labarin Sayyidina Ali ya amsa ta yana kan mumbari. Wahalar tana zuwa ne in ba a raba gado ba har wani magajin ya mutu, sannan wani, abin da fuƙaha'u ke kira munasakha. Don wannan ne Ibn al-Ha'im, wanda ya rasu a Ƙudus a 815 bayan Hijira, ya rubuta bayanin jadawalin da ake kira shubbak, wato taga mai raga, ya kuma ce daga malaminsa ya karɓo hanyar. Kowane magaji da layinsa a kwance, kowane mamaci da gidansa a tsaye, sannan gida na ƙarshe mai tattarawa, jami'a.

Bari mu yi misali ɗaya, kowa ya ɗauko takarda. Mutum ya rasu ya bar mata da ɗa da 'ya. Matar tana da tumuni, saura bakwai ba sa rabuwa uku, sai a buga takwas sau uku, 24: mata 3, ɗa 14, 'ya 7. Ba a raba ba, gida yana nan, sai ɗan ya rasu ya bar mahaifiyarsa da matarsa da ɗa namiji guda. 'Yar'uwarsa ba ta gadonsa, ɗan ya kange ta. Tasa mas'alar ita ma daga 24: uwa sudusi 4, mata tumuni 3, ɗa 17. To, rabonsa daga uba 14 ne, mas'alarsa 24, duka suna rabuwa biyu, sai su koma 7 da 12. A buga mas'alar farko da 12, jami'a ta zama 288. Duk mai rabo a gidan farko a buga nasa da 12, duk mai rabo a gida na biyu a buga nasa da 7. Tsohuwa tana gida biyu: 36 daga mijinta, 28 daga ɗanta, 64. 'Ya 84. Matar ɗa 21. Jika 119. A tara, 288 cif. Da za a sayar da gidan sefa miliyan 14 da dubu 400, kowane kaso dubu 50 ne: tsohuwa miliyan 3 da dubu 200, 'ya miliyan 4 da dubu 200, matar ɗa miliyan 1 da dubu 50, jika miliyan 5 da dubu 950.

Ku lura da wa ake mantawa in an yi da ka. Sudusin tsohuwa daga ɗanta, da tumunin matar ɗa, musamman in ta riga ta yi wani aure ta bar unguwar. A zaman sulhu da ake kiran mu, a Hausare ne ko Fulɓere ko ƙauyukan bakin Binuwai, abin da muka fi tararwa ke nan: gida ko gona tun na kaka, an yi mutuwa uku ko huɗu a kai, maza sun zauna sun ƙidaya waɗanda ke raye a gabansu sun raba. Galibi ba mugunta ce ta sa ba, kai ne ba ya iya riƙe mamata huɗu da magada ashirin lokaci guda. Jadawali kuwa ba ya barin gurbi: duk wanda aka ba layi sai an cika gidansa, kuma in jimla ba ta dawo daidai da jami'a ba, kuskure ya tona kansa. Wannan misali namu mai mutuwa biyu ne kawai, ku ƙiyasta mai biyar.

Wani zai ce, to hatimi fa, ai shi ma jadawali ne. Haka ne. Murabba'i mai gida tara, lambobi daga 1 zuwa 9, ta ko'ina aka tara a sami 15. Malamin Katsina Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, ya yi rubutu a kan hanyoyin cika irin waɗannan gidaje, masana tarihin lissafi har yau suna ambatonsa. Lissafin da ke ciki lissafi ne. Abin da wasu ke yi da shi na neman gaibu da cin kuɗin mata, wannan mun yi magana a kai a mumbari, ba nan ne wurinsa ba. Mun kawo shi ne saboda illar da ya yi wa sauran zane: shi da bugun ƙasa sun sa in an ga malami ya share ƙasa yana ja da yatsa, sai a fara raɗa cewa duba yake yi. Mun san malaman da suka daina zana mas'alar gado a ƙasa don gudun wannan zargi.

Sauran nau'in shi ne shafin kansa. Wanda ya taɓa buɗe tsohon littafin hannu na Barno ko na ƙasar Hausa ko na nan Adamawa ya ga yadda ake yi: matani da manyan haruffa, layuka nesa da juna, fili a gefe. Ɗalibi yana karatu gaban malami yana cusa ma'ana tsakanin layuka, da Larabci ko ajamin Fulatanci ko Hausa ko Barbarci, dogon bayani kuma ya tafi gefe, a karkace ko a juye, da ɗan siririn layi ko alama da ke mai da shi ga kalmar da ya fito daga gare ta. Kalma a tsakiya, bayani yana fita ta ko'ina. Me ya rage ya zama abin Buzan? Har launin ma akwai. A Alƙur'anin hannu baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza ɗigon rawaya, alifin sadarwa ɗigon kore, ga kuma zayyana a gefe mai nuna hizibi da rubu'i da sumuni da wurin sujada, kowace da siffarta. Alaramma yana tuna aya da inda take zaune a shafi. A Dala'ilul Khairati kuma akwai zanen Rauda da kaburbura uku, wanda kakanninmu da ba su sami zuwa Madina ba suka san jerin kwanciyar da shi.

To me ya sa abin ya yi ƙaranci a hannunmu har matasa suka ɗauka baƙo ne? Na farko, mafi yawan zanen malaman wannan yanki a ƙasa aka yi shi, ko a allo. Takarda daga Italiya take zuwa, ta Tarabulus da Masar, mai alamar jinjirin wata uku in an ɗaga ta ga haske, kuma da tsada take isowa Fombina. Ba a ɓata ta a kan abin da za a iya yi da tsinke. Malaminmu na fara'il, Allah Ya jiƙansa, yakan share gabansa da tafin hannu, ya ja gidaje, ya sa tsakuwa a madadin magada, in an gama ya shafe ya ce na gaba. Darasin ya shiga kai, amma ba abin da ya rage wa mai tarihi. Allo kuma wanke shi ake yi. Na biyu, littattafanmu na hannu ba a ɗinke suke ba, warwara ne cikin tadarishi da gafaka, kuma takardar da ke ɗauke da jadawali ko bishiya sau da yawa ita kaɗai ce, an saƙa ta a tsakiya. Ita ke fara faɗuwa, ita gara ke fara ci. Ga kuma watsewar 1901, lokacin da Ingilishi suka ci Yola, Jamusawa suka kama wannan ɓangare, Lamido Zubairu ya fita, gidajen ilimi suka rabu tsakanin iyakoki, littattafai suka bi masu su.

Na uku namu ne na yau. Bugun Masar mai rawayar takarda ya riƙe tsarin matani da hashiya a gefe. Amma da muka koma ga ƙananan bugu na kasuwa da hoton inji baƙi da fari, sai launi ya tafi, gefe ya matse, mai injin ma yakan yanke hashiyar don shafi biyu su shiga takarda ɗaya. Yaro ya tashi bai taɓa ganin shafi mai numfashi ba, sai baƙin rubutu daga sama har ƙasa.

Abin da muka shirya da malaman islamiyya shi ne, daga wannan zango duk babin da aka haddace a Ajurrumiyya da Ahalari da Iziyya, ɗalibi zai zana shi da hannunsa a gaban malami, bayan hadda, kuma malami ya bi rassan ɗaya ɗaya kamar yadda ake bin allo a darasu. Wanda aka zana masa ya kwafa bai yi komai ba. Manyan ɗalibai masu karatun Risala kuwa, in sun kai babin fara'il, ba za su wuce ba sai kowa ya warware munasakha mai mutuwa uku a shubbak, jimlarsa ta fito daidai.

Muna kuma roƙon iyayenmu da ke da gafakar kakanni a ɗaki. In kun buɗe kun ga wata takarda ita kaɗai mai gidaje ko da'ira ko rassa, kada ku yanke cewa laya ce ku binne ko ku ƙone. Ku kawo ta masallaci bayan La'asar ranar Asabar mu duba tare, a ɗauki hotonta da waya, ku koma da abinku gida.